Kura da Fatar Akuya: Halin Malaman Ƙarya a Ikilisiya

Tun Kiristanci yana ɗanye, manzannin Almasihu suna raye, aka fara kokawa da malaman ƙarya. Abin lura shi ne, wasiƙun Sabon Alkawari da suka yi magana a kansu ba su tsaya ga kuskuren koyarwa kaɗai ba, sun fi tona halinsu. Baki yana iya haddace wa'azi mai daɗi, amma hali zanen dutse ne.

Hali na farko kwaɗayi ne. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin Siman, wani matsafi a Samariya wanda ya karɓi baftisma. Da ya ga Bitrus da Yohanna suna ɗora wa mutane hannu suna samun Ruhu Mai Tsarki, sai ya kawo kuɗi, wai a sayar masa da wannan iko. Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Har yau a harsunan Turai, da sunan Siman ake kiran laifin cinikin muƙamin coci. Kiristocin farko sun ɗauki darasi. Wani ɗan littafi mai suna Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya shimfiɗa ma'auni mai sauƙi: baƙon mai wa'azi ya kwana ɗaya ko biyu, in zai tafi a ba shi guzurin abinci, in ya kai kwana uku ko ya nemi kuɗi, to maƙaryaci ne. A shekarar 1517 ma, cinikin takardun gafara da Yohan Tetzel yake yi a Jamus ne ya tunzura Martin Luther ya fito da hujjojinsa 95.

Na biyu son girma. Wasiƙar Yohanna ta uku ta ambaci Diyotarifis, mutumin da ba ya son kowa ya sha gabansa. Ba ya karɓar baƙin 'yan'uwa, wanda kuma ya karɓe su sai ya kore shi daga ikilisiya. Irin wannan malami ba ya jure tambaya. Ka tambaye shi inda baikon jama'a ya shiga, ya ce kana jayayya da shafaffe na Allah.

Na uku bin sha'awa. Wasiƙar Bitrus ta biyu da ta Yahuza duk sun nuna yadda irin waɗannan mutane suke farautar masu rauni, suna fakewa da alherin Allah don lalata.

Kada a ɗauka tsohon labari ne. Jim Jones ya fara coci a Indiyana ta Amurka a shekarun 1950, ya yi suna da ciyar da matalauta da haɗa baƙaƙe da farare a benci ɗaya. Amma a taron warkarwa, mataimakansa kan ɗaga kayan cikin kaza a nuna wa jama'a, a ce ciwon dajin da aka ciro ke nan. Mabiya suka miƙa masa gidaje da albashi, suna kiransa Baba, shi kuwa yana lalata da wasunsu. Ya kwashe su zuwa dajin Guyana, inda babu mai jin kukansu. Ranar 18 ga Nuwamba 1978 ya sa aka dama guba a abin sha. Sama da mutum 900 suka mutu, kusan 300 yara ne.

A Kanungu ta ƙasar Uganda, Joseph Kibwetere da Credonia Mwerinde, shugabannin wata ƙungiyar addini, sun sanar da mabiyansu cewa duniya za ta tashi a ƙarshen 1999. Mutane suka sayar da gonaki da shanu suka kawo kuɗin. Shekara ta juya, rana ta fito kamar kullum, wasu suka fara neman a mayar musu da dukiyarsu. Ranar 17 ga Maris 2000 aka tara jama'a a ɗakin sujada, aka toshe ƙofofi da tagogi, wuta ta tashi. Da aka haɗa da gawawwakin da aka tono a wasu gidajen ƙungiyar, mamatan sun haura 700.

A duba bambanci da Manzo Bulus. A Koranti ɗinkin tanti ya yi don ya ci da kansa. Da aka tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai riƙe jakar shi kaɗai ba, ya tafi da wakilan da ikilisiyoyi suka zaɓa don kada a sami abin zargi. Sharuɗɗan shugabanci da ya rubuta wa Timoti kuwa, yawancinsu na hali ne: kamewa, rashin son kuɗi, karɓar baƙi, iya riƙe iyali.

Don haka, ya kai mai karatu, kafin ka miƙa wa wani malami zuciyarka da aljihunka, dubi yadda yake da kuɗi, da matan mutane, da wanda ya yi masa gyara. Tambayi wa yake bincikar asusun cocinsa, wa kuma ya isa ya ce masa ya yi kuskure. In amsar ita ce babu kowa, ka ɗauki iyalinka ka yi nesa da shi. Ba a ba kura ajiyar nama.