Monty Alexander: Mai fiyanon da ya ƙi sakin kiɗan garinsu

Duk wanda ya kalli fim ɗin Bird na Clint Eastwood, wanda ya fito a 1988, ya ji hannun Monty Alexander ko da bai san sunansa ba. Fim ne kan rayuwar Charlie Parker, gwanin busa saksafon da ya rasu tun 1955. Dabarar da aka yi ita ce, an ɗauko tsofaffin faifansa aka tsame busarsa ita kaɗai, sannan aka kira makaɗa masu rai su raka ta da sabon kiɗa. Monty yana cikin waɗanda aka zaunar a kan fiyano. Ka ji aiki, raka mamaci! Fim ɗin kuwa sai da ya ci kyautar Oscar a ɓangaren sauti.

An haifi Monty a Kingston, babban birnin Jamaika, ranar 6 ga Yuni, 1944. Tun yana ɗan shekara huɗu ya fara taɓa fiyano, kuma yawancin abin da ya iya da kunne ya ɗauka. Yana yaro ya ga Louis Armstrong da Nat King Cole suna wasa a gidan sinima na Carib, daga nan jaz ya shiga ransa. A 1961 iyalinsu suka koma Miami ta Amurka. Ba a daɗe ba wani aminin mawaƙi Frank Sinatra, Jilly Rizzo, ya ji kiɗansa ya ɗauke shi aiki a kulob ɗinsa na New York.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Baƙon da ya samu shiga cikin manya irin su Ray Brown da Milt Jackson, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya saje, ya manta kalifso da mento na tsibirin da ya baro. Monty bai yi haka ba. A 1980 ya fitar da Ivory & Steel, inda ya haɗa fiyano da gangar ƙarfe ta Tirinidad, wadda da durom ɗin mai ake ƙera ta. A 1999 ya juya waƙoƙin Bob Marley zuwa jaz a faifan Stir It Up, a shekara ta 2000 kuma ya yi aiki da Sly da Robbie, sarakunan rege.

Wanda ya fi burgewa dai shi ne Harlem-Kingston Express. Ƙungiya biyu yake jerawa a dandamali ɗaya, 'yan jaz a gefe, 'yan rege a ɗaya gefen, shi kuma yana tsakiya. Ana cikin waƙa sai ya juya akalar daga wannan ɓangare zuwa wancan ba tare da kiɗan ya yanke ba. Faifan da suka fitar a 2011 ya shiga takarar Grammy a rukunin rege, ba na jaz ba.

Jamaika ta ba shi lambar girma a 2000, ta ƙara masa wata mafi girma a 2022. A 2024, shekarar da ya cika tamanin, ya saki faifai mai suna D-Day, saboda ranar haihuwarsa ita ce ranar da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu.