Gyaran tarihin bashi: Abin da mutum zai iya yi da kansa, da lokacin da ya kamata ya nemi lauya

'Yan Najeriya da dama ba sa sanin akwai tabo a sunansu sai ranar da suka nemi rance banki ya hana su. Galibi dalilin shi ne wani bashi da ke rubuce a rahotonsu: ko wanda suka ci suka bar ragowa, ko wanda suka biya amma ba a sabunta bayaninsa ba, ko kuma wanda ba su taɓa ci ba sam.

A irin wannan hali ne dillalai ke ɓullowa, musamman a shafukan sada zumunta, suna alƙawarin "wanke suna" idan an biya su. Sai dai doka ta bai wa kowa damar gyara kuskure da kansa, bashi na gaskiya kuwa babu dillalin da zai iya shafe shi.

Su wa ke riƙe da bayanan?

Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya bai wa lasisin tattara bayanan bashi: CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry. Suna aiki ne a ƙarƙashin dokar bayar da rahoton bashi da muƙaddashin shugaban ƙasa na wancan lokaci, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sanya wa hannu a watan Mayun 2017.

Bankuna manya da ƙanana da wasu manhajojin bayar da rance ne ke aika musu da bayanai, lambar BVN kuma na taimakawa wajen haɗa kowane bashi da mai shi. CBN ya wajabta wa bankuna duba rahoton aƙalla kamfanoni biyu kafin su bayar da rance. Shi ya sa bashin da aka ci a Legas kan hana mutum samun lamuni a Kano.

Kamfanonin ba su ne ke ƙirƙirar bayanan ba, abin da mai bayar da rance ya turo shi suke ajiyewa. Dokar ta kuma tanadi su riƙe bayanan na tsawon aƙalla shekara 6. Saboda haka duk wanda ya ce yana da "ɗan gida" da zai goge bashi daga kwamfuta, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma yana gayyatar mutum ne zuwa aikata laifi.

Matakan gyara kuskure

Mataki na farko shi ne neman rahoton. Kowa na da haƙƙin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma ya fi kyau a nema daga kamfanonin uku, domin abin da ke wurin ɗaya ba lalle ne ya kasance a wurin ɗayan ba.

Na biyu, a duba shi layi bayan layi: suna, ranar haihuwa, sunan mai bayar da rance, adadin kuɗi, da matsayin kowane bashi. Kurakuran da aka fi cin karo da su sun haɗa da bashin da aka gama biya amma yana nan a buɗe, da bashi guda da aka rubuta sau biyu, da bashin wani mai suna iri ɗaya, da wanda aka karɓa da bayanan mutum ba da saninsa ba.

Na uku, a tara hujja: rasidin biya, takardar hada-hadar asusu, yarjejeniyar rancen, da takardar shaida daga banki cewa ba ya bin mutum komai.

Na huɗu, a rubuta ƙorafi ga wanda ya bayar da rancen da kuma kamfanin da ke riƙe da bayanan, a ajiye kwafi mai ɗauke da kwanan wata da lambar ƙorafi. Maganar baki a kan teburin ma'aikaci ba ta zama hujja. Dokar ta bai wa kamfanin kwanakin aiki 10 ya bincika ya bayar da amsa. Idan ba a warware ba, maganar na wucewa zuwa CBN, wanda ke da sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna, daga nan kuma ƙofar kotu a buɗe take.

Babu ko ɗaya cikin matakan nan da ke buƙatar wakili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma rasidin da zai raba gardama yana hannun wanda ya biya ne.

Idan bashin na gaskiya ne fa?

A nan maganinsa biya. Mutum na iya zuwa wurin mai bin sa bashi ya nemi a tsawaita wa'adi, ko a rarraba masa biyan, ko a yi masa rangwamen kuɗin ruwa da tara. Duk abin da aka cimma a rubuta shi kafin a biya ko kwabo, kuma a biya a asusun bankin ko kamfanin, kada a tura asusun wani ma'aikaci. Bayan an kammala, a karɓi takardar shaida, sannan a sake duba rahoton bayan wasu makonni domin tabbatar da an sabunta shi.

Guje wa banki ba ya kawo mafita. Tun daga ranar 1 ga Agustan 2020, tsarin GSI na CBN ya bai wa bankuna damar cire kuɗinsu daga sauran asusun da ke haɗe da lambar BVN ta wanda ya ƙi biya.

Haɗarin miƙa wuya ga dillali

Sana'ar gyaran tarihin bashi ta fi ƙarfi a Amurka, kuma ko a can wata doka ta 1996 ta haramta wa kamfanonin karɓar kuɗi kafin su kammala aikin da suka yi alƙawari. Wannan ma'auni ne mai amfani ga ɗan Najeriya: wanda ya nemi kuɗi tun kafin ya ga rahoton, ko ya yi alƙawarin goge bashin da aka san an ci, abin gudu ne.

Asarar na iya wuce kuɗin da aka ba shi. Wanda aka miƙa wa lambar BVN da NIN da lambar sirrin da banki ke turowa ta waya zai iya karɓar sabon rance da sunan mutum, a tafi neman sauƙi a dawo da bashi biyu.

Lokacin da taimako ya zama dole

Akwai inda ya dace a nemi ƙwararre. Idan an kawo sammacin kotu, ko ana shirin sayar da gida ko filin da aka bayar jingina, ko an bi matakan ƙorafi har zuwa CBN ba a samu biyan buƙata ba, lauya ne ya kamata ya shiga maganar. Idan kuma saɓanin na kan lissafin kuɗin ruwa ne a babban rance, akanta zai iya sake lissafa shi. A kowane hali a yi yarjejeniyar kuɗin aiki a rubuce. Marasa ƙarfi na iya tuntuɓar Hukumar Bayar da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda ke da ofisoshi a jihohi.

Waɗanda manhajojin rance ke ci wa mutunci ta hanyar aika saƙonni ga 'yan uwa da abokai kuwa, za su iya kai ƙara ga hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya, wadda ta fitar da tsarin yi wa irin waɗannan kamfanoni rajista a 2022. Ƙarar na iya tsayar da cin zarafin, amma asalin bashin yana nan sai an biya.

Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta kafa CREDICORP a 2024 domin faɗaɗa bai wa ma'aikata da sauran jama'a lamuni, tarihin bashi ya ƙara muhimmanci a rayuwar talaka. Wanda ke shirin neman rance zai fi samun sauƙi idan ya karɓi rahotonsa watanni kafin ya shigar da takarda, domin ya samu lokacin gyara abin da ya gani.