Me Ya Sa Amurkawa Suka Juya Wa Johnson Baya?

A 1964 Lyndon Johnson ya lashe zaɓen shugaban Amurka da kashi 61 cikin ɗari na ƙuri'u. Ya kuwa yi wa talaka aiki: a 1965 ya sa hannu a dokar Medicare ta kula da lafiyar tsofaffi, da wadda ta kare 'yancin baƙaƙen fata na jefa ƙuri'a.

Abin takaici, yaƙin Biyetnam ya shafe wannan duka. Iyaye na zaune a falo suna ganin gawarwakin samari a talabijin, gwamnati kuma na ta cewa nasara ta kusa. Harin da abokan gaba suka kai a Janairun 1968, wanda ake kira harin Tet, ya ƙaryata ta. Ɗalibai sun cika tituna suna zanga-zangar adawa da yaƙin, ga batun ƙarin haraji. Ranar 31 ga Maris Johnson ya sanar ba zai sake tsayawa takara ba.