Basir: Ba Kowane Jini Ne Nasa Ba

A ranar kasuwa a Gure, mai maganin gargajiya na ɗaga lasifika, magana uku sai ya ambaci basir. Ciwon baya basir, kasala basir, raunin namiji ma basir. Wannan ne ya fi damuna, domin ainihin cutar ta ɓace cikin hayaniya.

Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, ciki ko waje. Yawan yunƙuri a masai ke kawo shi, sai taurin bayan gida, dogon zama irin na direba da tela, da juna biyu. Alamominsa ƙaiƙayi, tsiro, da jan jini bayan an yi bayan gida.

Rigakafin yana cikin tukunyarmu. Muna surfe gero fes, mu ba awaki dusar, alhali ita ce ke tausasa ciki. A rage surfen. A yawaita wake, zogale, kuɓewa da dabinon kwarurrukanmu, a kuma sha ruwa sosai, musamman a bazara. Idan basir ya tashi, zama cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 yana rage zafi. Basir ɗin da ya ƙi lafawa, likita kan ɗaure shi da roba ko ya yi aiki.

Amma jinin dubura kan fito daga kansar hanji ma, musamman in da rama. Don Allah kada kunya ta kai ka ga askar wanzami. Ka je asibitin Gure a duba ka. In ta kama, su tura ka babban asibitin Damagaram.