Ciwon sukari: a kawo ma'aikatan lafiya kusa da mai ciwo

Ciwon sukari ba kamar zazzaɓin cizon sauro ba ne, wanda ake shan magani kwana uku a warke. Wanda ya kamu da shi zai daɗe yana lallaɓa shi, sau da yawa har ƙarshen rayuwarsa. Alamunsa su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama, da miki mai ƙin warkewa. Idan aka auna jini da safe kafin cin abinci, aka samu giram 1,26 ko fiye a lita har sau biyu, to ciwon ya tabbata.

Mai wannan ciwo yana bukatar ma'aikacin lafiya mai ganinsa a kai a kai, ya auna jininsa, ya duba ƙafafunsa, ya daidaita masa magani. Amma a ƙasarmu Nijar ƙwararrun likitoci sun fi yawa a manyan birane, musamman Yamai. Manomin da ke ƙauyen Dakoro ko Tanut sai ya nemi kuɗin mota, ya bar gonarsa ko da tsakiyar damina ce. Wasu sukan gaji su daina zuwa, sai ciwon ya taɓa idanu ko ƙoda, ko ya kai ga yanke ƙafa.

Me gwamnati ta yi? A 2006 ta mayar da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta, amma babban mutum mai ciwon sukari bai shiga ciki ba. A 2024 aka rage rabin kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati. Wannan sauƙi ne, sai dai rahusa ba ta maye gurbin ma'aikaci.

A 2022 ƙasashen ƙungiyar lafiya ta duniya, wato OMS, sun amince cewa kafin 2030 a gano mutum 80 cikin 100 na masu ciwon. Ba za mu kai nan ba sai an ƙara ma'aikata a asibitocin karkara da ake kira CSI, an horar da su, an ba su na'urar awo da firjin ajiye allurar insulin.

Mu ma muna da namu aiki. Mu tayar da wannan magana a taron kwamitin lafiya na garinmu. Wanda ya ga alamun nan ya je a auna shi tun da wuri. Wanda ke shan magani kuma, kada ya bari sai da izinin likita.