Hayar Tsofaffin Gidajen Malaman Daji a Duwatsun Amurka

A shekarar 1905 gwamnatin Amurka ta kafa Ma'aikatar Gandun Daji. A 1910 wata gagarumar gobara ta cinye kimanin eka miliyan 3, galibi a jihohin Idaho da Montana. Saboda haka aka ƙara gina wa malaman daji gidajen katako a ƙuryar daji da bisa duwatsu, don su riƙa hangen hayaƙi. Da motoci da jiragen sama suka sauƙaƙa tsaro, sai aka bar da yawa ba kowa.

To, gidan da ba a kwana cikinsa rushewa yake yi. Don haka yanzu ana ba da hayar waɗansu ga matafiya, kuɗin kuwa akan yi gyara da shi.

Mai so yakan kama wuri ta intanet, a Recreation.gov, tun da sauran wata 6. Yawancinsu babu lantarki, babu famfo, waɗansu ma sai a ƙafa. Lalle baƙo ya tafi da ruwa da guzuri da shimfiɗa. Wajibi ne ya ɓoye abinci saboda namun daji, ya kwashe shararsa, ya kashe wuta murus kafin ya tashi.