Kafin ka sayi fili don garka, bari damina ta nuna maka shi

Daga Ɗan Isa zuwa Ƙonni, da wuya ka zauna a rumfar kasuwa ba ka ji wani alhaji yana cikin cinikin fili don dasa mangwaro ko noman albasa ba. Abin da ke damun mu shi ne yawancin cinikin nan da rani ake ƙulla shi, lokacin da kowane fili shimfiɗe yake, ba ya nuna halinsa.

Akwai wani tsarin noma da ake kira famakalca, wanda Bill Mollison da David Holmgren suka fito da shi a Ostareliya, littafinsu na farko ya fito a 1978. Masu bin sa suna ba da shawarar a yi shekara guda ana lura da fili kafin a dasa komai. Ina iska ke fitowa, ina ruwa ke bi, ina yake kwanciya, ina rana ta fi dukan ƙasa.

A wajenmu ruwa ne kan gaba. Tsohon garin Maraɗi a bakin gulbi yake, ambaliyar 1945 ta sa aka tayar da shi zuwa tudu. Filin fadama da ka gani busasshe a watan Maris, je ka duba shi a Agusta bayan ruwa mai ƙarfi. Dubi shara da ruwa ya rataye a jikin itatuwa, ita ce za ta gaya maka inda ya kai. Tambayi tsofaffin ƙauyen, ban da dillali, shi la'adarsa yake nema.

Iska kuwa biyu ce. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta busar da ƙasa. Ta gaban hadari daga gabas take tasowa, ta binne ƙaramar shuka da rairayi. Shi ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ya fi saurin zaizayewa. A kwarin Majiya na jahar Tawa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a gicciye da hanyar iska don kare gero da dawa. Kai ma gefen gabas za ka fara yi wa shinge, kafin mangwaron.

In ka tarar da gawo, kada ka sare. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana.

Saura burtali. Tun dokar karkara ta 1993 aka tanadi kwamitocin filaye a Nijar. Je ka tabbatar filin bai ci hanyar dabbobi ba kafin ka ƙirga ko jika ɗaya.